Ina Zance Ya Tsaya? Fashin Baƙi Kan Shubuhar Zaren Haruffa a Kundin Forth

Duk wanda ya buɗe kundin ƙa'idojin Forth, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, zai yi ta cin karo da wani ɗan layi a ƙarƙashin kalmomin da ke hulɗa da rubutu (a Forth kowane umarni kalma ake kiransa):

( "ccc<quote>" -- )

Layin bai kai haruffa ashirin ba, amma mutum biyu da suka san aikinsu za su iya karanta shi, su gina abubuwa biyu mabambanta, kowannensu yana ganin bai kauce wa ƙa'ida ba. Abin da ya dame ni ke nan. Kundin ƙa'ida yarjejeniya ce tsakanin mutanen da ba za su taɓa haɗuwa ba: wanda ya gina tsarin Forth ɗin, da wanda zai zo bayan shekaru ya rubuta manhajar da za ta hau kansa. Babu mai ɗaga waya ya tambayi ɗan'uwansa abin da yake nufi. Takardar ce kaɗai a tsakaninsu.

Charles Moore ne ya ƙirƙiro Forth a ƙarshen shekarun 1960, kuma a farkon shekarun 1970 harshen ya yi suna wajen sarrafa na'urar hangen sararin samaniya ta Kitt Peak a jihar Arizona ta Amurka. Ko sunan ma matsi ne ya haife shi, domin kwamfutar IBM 1130 da Moore ya yi aiki da ita ba ta karɓar suna mai fiye da haruffa biyar. An yi kundin ƙa'ida a 1979, aka sake a 1983, sannan babban kundin 1994 na hukumar ANSI wanda ISO ta ɗauka a 1997, sai kuma na 2012. Ba harshen da ake jin amonsa kullum ba ne, amma shi ne ginshiƙin Open Firmware da ya riƙa tayar da kwamfutocin Sun da na Apple masu PowerPC, kuma har yau ana sa shi cikin ƙananan na'urori.

Forth yana aiki ne da tari. Kamar kwanukan jere a ɗakin amarya, na sama shi hannu ke fara kaiwa. Idan ka rubuta 2 3 + an ɗora 2, an ɗora 3 a kansa, sai + ta sauke su biyun ta ɗora 5. Saboda haka kowace kalma a kundin tana zuwa da ɗan zane a cikin baka biyu, irin ( n1 n2 -- n3 ). Abin da ke hagu da karan nan biyu shi ne abin da kalmar za ta ɗauka daga tari, na dama kuma abin da za ta bari. Ga lambobi, zanen nan ya wadatar. Wahala tana farawa ne da aka so ya ɗauki nauyin zaren haruffa, wato jerin haruffan da ke zama suna ko jimla ko saƙo.

Harshen da bai san alamar zance ba

A mafi yawan harsunan kwamfuta, alamar zance tana cikin nahawun harshen. Ko harshen PostScript, wanda shi ma da tari yake aiki, mai karanta masa rubutu ya san cewa baka ta buɗe zare, kuma yana ƙirga bakunan da ke ciki har ya kai ga wadda ta rufe. Forth ba shi da wannan. Tafintansa, wato ɓangaren da ke karanta abin da aka rubuta, abu ɗaya ya iya: ya tsallake sarari, ya yanko haruffa har zuwa sarari na gaba, ya duba ƙamus. In ya sami kalmar ya aiwatar ko ya harhaɗa ta, in bai samu ba ya gwada ko lamba ce, in ba lamba ba ce ya yi ƙorafi.

To yaya ake rubuta zare? Da kalma, kamar kowane abu. S" kalma ce mai haruffa biyu, kuma alamar zancen da ke jikinta ɓangaren sunanta ce, ba buɗe zance take yi ba. Idan tafinta ya kira ta, ita da kanta take leƙa ragowar layin ta yanko haruffa har sai ta ga alamar zance.

S" sannu" TYPE

Wannan zai buga sannu, tsawonsa 5. Sararin da ke bayan S" na tafinta ne, ya cinye shi lokacin da yake yanko sunan kalmar. Sarari ɗaya tak yake ci. In ka sa biyu, na biyun ya shiga zaren, tsawo ya koma 6. In kuwa ba ka sa ko ɗaya ba, tafinta zai je ƙamus neman wata kalma mai suna S"sannu" ya dawo hannu rabbana.

Yanzu a sake kallon layin farko. Akwai alamar zance biyu a cikinsa, ɗaya kafin ccc, ɗaya bayan <quote>, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke wakiltar alamar da mai rubutu zai buga. Aikinsu kawai su ce wa mai karatu: abin da ke tsakaninmu ba daga tari yake ba, daga layin rubutu za a yanko shi. Ainihin alamar rufewa ita ce aka rubuta da suna, <quote>. Wato an zaunar da abin da ba ya kan tari a gurbin da aka keɓe wa abubuwan tari, sannan aka yi masa shinge da irin alamar da ake magana a kanta. Wanda ya saba ba ya ko lura. Sabon shiga kuwa a nan yake fara tuntuɓe, kuma ban ga laifinsa ba.

Zanen kalmar PARSE ya fi nuna cakuɗar:

( char "ccc<char>" -- c-addr u )

Na farkon, char, yana kan tari da gaske. Na biyun yana cikin layin rubutu, kuma <char> ɗin da ke cikinsa yana nufin wancan harafin da aka ɗauka daga tari. Duniya biyu a layi ɗaya.

Kundin yana da ɗan jadawali a babi na biyu da ya fassara waɗannan alamomi. Ya ce ccc jerin kowane irin haruffa ne ban da harafin iyaka. Ya ce <char> harafin iyaka ne guda, <chars> kuma maimaicinsa ne daga sifili zuwa sama. Bambancin s ɗin nan guda shi ne bambancin yankan rubutu da ke tsakanin PARSE da tsohuwar kalmar WORD, wadda zanenta ya fara da "<chars>ccc<char>". WORD tana tsallake duk haruffan iyakar da ta tarar a farko. Wajen yanko sunaye hakan daidai ne, tun da ba a son sararin da ke gaba. Amma a gina S" da WORD, sannan a rubuta zaren da babu komai cikinsa, S" " ke nan, sai WORD ta ɗauki alamar rufewar a matsayin abin tsallakewa, ta wuce ta ci gaba da haɗiye layin. Bayanin da aka haɗa da kundin 1994 ya ambaci wannan matsala cikin dalilan kawo PARSE.

Idan kuma alamar rufewa ba ta zo ba sam? Zanen bai ce komai ba, kuma mai karatu zai iya zaton kuskure ne da za a kama. Amsar tana can wani sashe na daban da ke bayanin yankan rubutu: in ba a sami iyaka ba, zaren ya tafi har ƙarshen abin da ya rage a layin. Wannan yana da tasiri a aikace. Wanda ya kwafo misali daga takardar da aka tsara a manhajar rubutu, inda aka mayar da alamar rufewar ta zama lanƙwasasshiya, zai ga TYPE ɗinsa ya shige cikin zaren, domin lanƙwasasshiyar ba ita ce harafi mai lamba 34 ba. Babu ƙorafi, babu abin da aka buga, sai lambobi biyu da suka rage kan tari.

Haka rashin nahawun yake bayyana a [IF] da [THEN]. Idan sharaɗi bai cika ba, [IF] tana zubar da kalmomi ɗaya bayan ɗaya har ta ga [ELSE] ko [THEN], kuma ba ta san zare ba. In akwai [THEN] da sarari gaba da baya a cikin wani zare a yankin da ake tsallakewa, a nan za ta tsaya.

Kuka uku a iyakar gona

Inda nake ganin zanen ya gaza da gaske shi ne kan kalmar da kundin 2012 ya ƙara, S\" mai sanda a tsakiya. An kawo ta ne don a iya sa haruffan da ba sa bugawa kai tsaye. \t tana ba da tsallen tab mai lamba 9, \e tana ba da 27, \z tana ba da sifili, \\ tana ba da sandar kanta, sannan \q da \" duka biyun suna ba da alamar zance. An ba wannan sabuwar kalma zane iri ɗaya da na S" ba tare da sauya ko ɗigo ba, wato "ccc<quote>".

Ga matsalar. Jadawali ya ce ccc ba ya ƙunsar harafin iyaka. Amma ga halastaccen rubutu:

S\" ya ce \"to\" ya tafi"

Tsakanin farkon zaren da ƙarshensa akwai alamar zance har biyu. Takardar gona ce ta ce iyaka tana gindin kuka, aka je aka tarar da kuka uku a jere. Wanda ya riƙe jadawali zai ce kukar farko, sai zarensa ya tsaya a ya ce da sanda a rataye, ragowar kuma ta faɗa hannun tafinta a matsayin kalmomin da babu su. Wanda ya riƙe bayanin da ke ƙasan zanen, inda aka ce a yanka bisa ƙa'idojin fassara, zai ce ta ƙarshe. Kowa ya san na biyun ake nufi, in ba haka ba \" ba ta da amfani. Amma "kowa ya sani" ba hujja ba ce a kundin da aka rubuta don kada a dogara da abin da kowa ya sani.

Kuma abin bai tsaya a muhawarar malamai ba, domin yadda ka fahimci layin shi ke tsara yadda za ka gina kalmar. Wanda ya ɗauka aiki biyu ne a jere, a fara yankowa sannan a fassara, zai kira PARSE, ya ga ta tsaya da wuri, sai ya yi faci: in harafin da ke gaban alamar zance sanda ce, a ci gaba. Facin zai yi aiki a misalin sama. Sai ranar da wani ya rubuta

S\" C:\\"

A nan ma harafin da ke gaban alamar zance sanda ce, amma sanda ce da 'yar'uwarta ta riga ta cinye. Zaren shi ne C da ruwa biyu da sanda guda, tsawonsa 3, kuma alamar zancen rufewa take yi. Mai faci zai wuce ta. Hanyar da ba ta kuskure ita ce a yi yanka da fassara a tafiya ɗaya, daga hagu zuwa dama: in an ga sanda a ɗauke ta tare da abin da ke biye da ita, in an ga alamar zance tsirara a tsaya. Jimla ɗaya a jadawalin, da ke cewa a S\" iyaka ita ce alamar zance ta farko da ba ta cikin jerin sanda, da ta kashe maganar. Ni a ganina ma ya fi kyau a ba ta alama tata daban a zanen, don idon mai karatu ya gane tun daga nesa cewa yankan nan ba irin na S" ba ne. A S" sanda harafi ce kamar kowane, S" C:\" ma tsawonsa 3.

Ya kamata a bambance wannan da wata shubuhar da kundin yake yi da gangan. Akwai wuraren da yake cewa ƙarara: a wannan hali ban tsara komai ba, kowane tsari ya yi abin da ya ga dama. Sa sanda a gaban harafin da ba ya cikin jerin, kamar \y, yana cikin irin waɗannan. Wannan shiru ne da aka sanar, kuma yana da amfani, domin ya gargaɗi mai rubuta manhaja kada ya taka wurin, ya kuma bar wa masu gina tsari filin ƙari. Akwai kuma abin da aka bar wa kowane tsari ya zaɓa ya bayyana, kamar \n, wadda ke nufin sabon layi bisa al'adar tsarin: a wani tsarin harafi ɗaya ce, a wani biyu. Shi ya sa aka tanadi \l mai ba da 10 kullum, da \m mai ba da 13 da 10 kullum. Duk waɗannan an san da su. Wadda ke cutarwa ita ce wadda ta sulale ba a sanar ba, inda kowane ɓangare ke ganin kundin yana bayansa.

Adireshi ɗaya, ma'ana uku

A dama da karan biyu ma akwai aiki. Zare ba ya hawa tari, adireshinsa ne ke hawa, kuma Forth ya gaji hanya biyu na yin hakan. Ta farko, a ɗora lambobi biyu, adireshin harafin farko da tsawo, shi ne c-addr u. Ta biyu, a ɗora adireshi kaɗai, amma gurbin farko a wurin yana ɗauke da tsawon, haruffan suna biye. Wannan shi ne zare mai ƙidaya a ka. Tsohuwar hanya ce da ta dace da ƙamus ɗin Forth, inda ake ajiye tsawon suna a gaban sunan. Tsare-tsaren farko ma tsawon da haruffa uku na farko kawai suke ajiyewa don tsimin wuri.

Kafin 1994 tsare-tsare da yawa suna da kalmar da sunanta alamar zance ce tsura, kuma sun rabu kusan gida biyu daidai: wasu tana ba su adireshi da tsawo, wasu zare mai ƙidaya. Kwamitin bai ba kowa sunan ba. Ya ƙirƙiri S" don hanya ta farko, C" don ta biyu. Hukunci ne mai kyau, domin da an zaɓi ɓangare ɗaya, manhajojin ɗaya ɓangaren za su ci gaba da harhaɗuwa lafiya suna aikata ɓarna a ɓoye.

Sai dai zanen tari bai sami irin wannan rabuwar ba. c-addr ba ya nufin komai face adireshin da harafi zai iya zama. A C@ yana nufin wurin harafi guda. A FIND da COUNT da WORD yana nufin zare mai ƙidaya. A ACCEPT da READ-LINE kuma shi da lambar da ke biye da shi ba zare ba ne sam, wuri ne da babu komai ana jiran a zuba, lambar kuwa iyakar abin da za a karɓa ce. READ-LINE ma tana buƙatar wurin ya fi lambar da gurbi biyu saboda alamun ƙarshen layi, abin da ba za ka taɓa gani a zanen ba.

Ga yadda hakan ke kama mutum. FIND da SEARCH-WORDLIST duka neman suna suke yi a ƙamus. Ta biyun tana karɓar c-addr u, ta farkon zare mai ƙidaya. Wanda ya rubuta S" DUP" FIND ya miƙa wa FIND lambar 3 a matsayin adireshi, tun da ita ce a sama. Forth ba ya binciken nau'in abin da ke kan tari, lamba lamba ce. Zai je adireshi na 3 ya karanta abin da ya tarar, ko tsarin ya faɗi. Daga mai ƙidaya zuwa adireshi da tsawo abu ne mai sauƙi, COUNT ta gama. Komawa baya kuwa sai an kwafe zaren zuwa wani wuri, domin gurbin da ke gaban harafin farko ba naka ba ne. Ni dai a nawa rubutun ba na barin c-addr tsura in mai ƙidaya nake nufi, sai na faɗa a sharhi.

Akwai kuma iyakar tsawo da ke ɓoye. Kundin ya lamunce cewa zare mai ƙidaya zai iya kai aƙalla 255. Mutum zai zaci S" ta tsira daga wannan tun da u lamba ce cikakkiya, amma sashen yankan rubutu ya ɗaure adadin haruffan da ake yankowa da wannan iyakar, sai inda aka faɗi akasin haka. Tsare-tsare da yawa sun wuce nan nesa, amma manhajar da ke son tafiya ko'ina ba za ta jingina da hakan ba.

Tambayar da zanen ba ya iya amsawa ko kaɗan ita ce: har yaushe zaren zai rayu? PARSE da S" duka c-addr u suke bayarwa, zanensu na dama iri ɗaya. Amma na PARSE yana nuni ne cikin layin da ake karantawa, da an ɗauko sabon layi ya tafi. Na S" a cikin ma'anar kalma, wato cikin sabuwar kalmar da mai rubutu ya gina, yana nan muddin kalmar tana nan, sai dai an hana manhaja sauya shi, domin a ƙaramar na'ura yana iya zama a ma'adanar da ba a rubutu a kanta. S" a wajen ma'anar kalma kuwa, ainihin rukunin kalmomin tushe bai tsara mata komai ba. Rukunin kalmomin fayil ne ya ba ta wannan damar, ya ce a ajiye zaren a ma'ajiyar wucin gadi mai ɗaukar aƙalla haruffa 80. Kalma ɗaya, an bayyana ta a babi biyu.

Kundin 1994 ya lamunce ma'ajiya ɗaya ce kawai. Dubi abin da hakan ke haifarwa:

S" tsoho.txt" S" sabo.txt" RENAME-FILE

A tsarin da ke da ma'ajiya ɗaya, zare na biyu zai kwanta kan na farko. Adireshin farko yana nan kan tari da tsawonsa 9, amma haruffa takwas na farko sun sauya, saura t ɗin ƙarshe. Tsarin zai tafi neman fayil mai suna sabo.txtt. Layin da kowa zai rubuta ba tare da tunani ba, kuma tsarin da ya lalata shi bai karya ƙa'ida ba. Kundin 2012 ya ɗaga adadin zuwa aƙalla biyu, tare da sassauci ga na'urori masu ƙarancin ma'adana. Biyu ɗin sun ishi wannan layin. Na uku kuma yana iya hawa kan na farko, don haka abin da ake son ya daɗe sai a kwafe shi.

Me u take ƙirgawa?

Wannan ɓangaren ya shafi duk mai rubuta Hausa kai tsaye. Lokacin da aka tsara zanen, harafi ɗaya gurbi ɗaya ne, don haka "adadin haruffa" ba ya buƙatar bayani. Da UTF-8, tsarin ajiye haruffan harsunan duniya a kwamfuta, abin ya sauya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowannensu bayit biyu yake ci, wato gurbi biyu. A tsarin Forth da ke aiki da UTF-8 kamar Gforth, S" ƙasa" tana ba da 5, ba 4 ba. Kalmar ɗanɗano haruffa bakwai ce a ido, bayit tara a ma'adana. Mudu ɗaya ake kira, amma na wannan kasuwa ba na waccan ba ne.

TYPE ba ta damu ba, ta tura bayit ɗin allo ya haɗa su. Amma a ce 1 /STRING don a cire harafin farko na ƙasa, sai a raba ƙ gida biyu, a bar rabin da ba ya nufin komai a gaban asa. Mai jera sunaye a shafi yana cike gibi da sarari bisa u zai ga duk layin da ke da ɗ ko ƙ ya goce. Ko kalmar 'ya'ya tana iya zuwa ta hanya uku: da miƙaƙƙiyar alama bayit 6, da lanƙwasasshiya bayit 10, da ƴ bayit 6 amma wasu daban. COMPARE za ta ce ukun ba ɗaya ba ne, kuma bisa aikinta gaskiya ta faɗa.

Kundin 2012 ya tunkari wannan da rukunin kalmomi na zaɓi don faɗaɗɗun haruffa. Ya raba harafin tushe, wanda shi ne gurbi guda, da faɗaɗɗen harafi mai iya cin gurbi da yawa, ya kuma kawo sabuwar alama a zane, xc-addr. Kalmar XC@+ tana ɗauko cikakken harafi ta matsar da adireshi daidai girmansa, +X/STRING tana cire harafi guda ba tare da ta raba shi ba, X-WIDTH kuma tana faɗin yawan gurabun da zare zai ci a allo. Amma u tana nan tana ƙirga haruffan tushe, kuma haka ya dace, domin da ita ake kwafa da keɓe wuri. Abin da ya rage shi ne tsofaffin shafukan har yanzu "haruffa" kawai suke cewa, sai mai karatu ya riƙe a ransa cewa gurabu ake nufi.

A wuri ɗaya kuwa kundin ya yi magana yadda nake so ya yi a ko'ina. Wanda allon rubutunsa ba shi da ƙ zai iya sa ta da lambobinta, C6 da 99 a lissafin goma sha shida:

S\" \xC6\x99asa" TYPE

A harshen C irin wannan rubutu tarko ne, domin \x tana haɗiye duk haruffan lissafin da ta tarar a jere, kuma a tana cikinsu. Za ta karanta 99a a matsayin lamba ɗaya wadda ta fi ƙarfin bayit. Kundin Forth ya ce haruffa biyu ne ke bin \x, kuma in ba su cika biyu ba an shiga halin shubuhar da aka sanar. Saboda haka 99 ta tsaya a 99, a ɗin ta koma cikin kalmarta, allo ya nuna ƙasa.